Ɓeran da Ke Cikin Waƙa ta Bakwai

Denise ta fizge wayar rediyon daga bango a tsakiyar waƙa. Falon ya yi tsit, ban da hucin injin da ke taya mahaifinta numfashi.

"Mayar da ita," in ji Orval Tackett daga kan gadon da aka kafa masa a bakin taga. Murya ta ƙare masa, amma taurin kan yana nan daram.

"Sau tara ke nan yau, Baba."

"Wa ya sa ki ƙirga?"

A daidai nan Vonda Ratliff ta turo ƙofar kicin da ƙugu, tukunyar wake a hannu, burodin masara a kan murfi. Shekara arba'in da ɗaya suna maƙwabtaka da Orval, shingen waya kawai ya raba su, kuma ba ta taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Sun yi faɗa a kan kaji, sun yi a kan kare, sun yi a kan zaɓe. Da ƙurar kwal ta gama cinye masa huhu likita ya ce saura makonni, ita ce ta fara cewa ƙarya ne, mugun mutum ba ya mutuwa da wuri. Ta koma gida ta yi kukanta inda ba mai gani.

"Yawwa, Mis Vonda, gara da kika zo," in ji Denise. Ita ce 'yarsa tilo, ta haura hamsin, ta baro aikinta a birnin Lexington mako biyu ke nan, idanunta duk sun faɗa. "Cewa yake gitarsa ce a cikin faifan nan. Gitar da ya rabu da ita tun ina 'yar shekara goma sha shida. Wai yana jin kukan fedarta."

"Ba wai ba ne," in ji Orval. "Feda ta uku. Waƙa ta bakwai."

"Shekaranjiya ya kira ni da sunan Mama."

"Sau ɗaya. Ke ba ki taɓa tuntuɓen baki ba?"

Denise ta juyo ta rage murya, ta manta cewa da Vonda sai an ɗaga. "Likita ya ce idan ya fara jin abin da babu, ba a barin sa a gida. Akwai gado a gidan jinya can Lexington. Za su ƙara masa magani ya samu barci. Ranar Alhamis motarsu za ta zo."

Wannan kam Vonda ta ji, ko ta karanta a leɓe. Ta dire tukunyar. Kowa a garinsu, Pruitt, ya san abu ɗaya da Orval ya roƙa: a bar shi ya mutu a gidan da ya gina da hannunsa, yana kallon tudunsa, da hankalinsa.

"Kunna in ji," ta ce.

Denise ta kunna don a wuce wurin. Wata yarinya ta fara rera wani abu, kiɗa na binta. Vonda ta karkata kai, ta tsuke baki irin na mai nazari. Gaskiyar magana, tun shekara biyar da suka wuce duk wani siririn sauti ya yi mata sallama. Tsuntsu ba ta ji, ƙararrawar tanda ba ta ji. Amma ta ga idon Orval a kanta, sai ta ɗaga yatsa.

"Ga shi nan. Na ji shi sarai."

Orval ya rufe ido. "Ƙarya take. Ba a ma fara taka fedar ba. Wannan waƙa ta ɗaya ce, kurma kawai."

Denise ta sake zare wayar, ta nannaɗe ta a hannu a hankali, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Vonda ta koma gida tana jin kunya irin wadda ta manta da ita tun tana yarinya.

Washegari, Talata, ta jira sai da motar Denise ta fita zuwa kanti sannan ta tsallaka. Shayla, nas ɗin da ke zuwa kullum da safe, tana gyara masa matashi. Ita ce ta jawo rigimar ma, don ita ta kawo masa faifan, na wata sabuwar mawaƙiya mai suna Marlee Stidham, wai ya ɗebe kewa.

"Ke kin ji abin da yake faɗa?" Vonda ta tambaye ta.

"Mis Vonda, ni kiɗa kawai nake ji. Ban san me zan nema ba." Ta ɗauki jakarta ta fice, alamar ba ta son shiga faɗan gida.

Vonda ta ja kujera. "To, tsoho. Na yi maka ƙarya don in taimake ka."

"Kin taimake ni zuwa Lexington."

"Ni abin da ya ɗaure min kai, kai da waƙar zamani? Mota, giya, yarinya mai guntun wando, an gama waƙa. Kai da bakinka ka ce waƙar kantiri, irin tamu ta karkara, ta mutu tun shekarar da aka rufe ramin kwal na huɗu."

"Na faɗa. Ashe suma ta yi."

Ya huta, ya ja iska. In dai maganar kiɗa ce, Orval yakan samo numfashi daga inda likita bai san da shi ba. A zamaninsa babu gidan rawa a ƙananan garuruwan nan da bai buga ba, da irin gitar nan da ake kwantarwa kamar tebur, hannu yana goga guntun ƙarfe a kan tsirkiya, ƙafa tana taka feda kamar mai keken ɗinki.

"Waƙa goma sha ɗaya ce," ya ce. "Ta biyu da ta takwas da ta goma shirme ne, don gidan rediyo aka yi su, ban ce a yafe mata ba. Amma sauran, Vonda. A ɗaki ɗaya suka zauna su duka suka buga. Kina jin kujerar mai ganga tana motsi. Yanzu kuwa murya ma kwamfuta suke ba wa ta goge ta kamar rigar zuwa coci. Yarinyar nan muryarta ta karye a baiti na biyu, ba su gyara ba."

"Ƙila kuɗin gyaran ne babu."

"Rufe min baki. Ta bakwai ɗin, mace ce take kwashe firjin uwarta bayan an binne ta. Ta tarar da miyar da uwar ta dafa ta daskarar, da kwanan wata a jikin robar da rubutun hannunta. Ta rasa ta ci ne ko ta zubar. Shi ke nan waƙar. Babu mota, babu giya."

Ita ma Vonda akwai robar tuffa a firjinta da rubutun marigayi mijinta, shekara shida ke nan, amma ba za ta ba Orval wannan nasarar ba.

"Sai gitar ta shigo," ya ci gaba. "A shekarar saba'in da tara ta faɗo min daga bayan mota a kan gada. Sandar feda ta uku ta karye, na ɗaure ta da guntun ƙarfen da na cire daga tsohon keken Denise. Tun ranar, in ka taka ta a hankali sai ta yi ɗan kuka. Na zuba mai har na gaji. Denise tana 'yar ƙarama takan zauna a ƙarƙashinta in ina gwaji a kicin, ta ce, Baba, ɓeranka ya farka." Ya yi tari mai tsawo. "Ban san hannu nawa ta bi ba kafin ta kai ga yaron da ya buga ta. Amma ya ji kukan, mai ɗaukar sautin ya ji, suka bar shi. Wanda ya bar wannan ya san abin da yake yi. Don haka na ce faifan kirki ne, ko da ba tawa ba ce. Kuma tawa ce."

"Ka gaya wa Denise maganar ɓeran?"

"Da na ambata sai ta fita."

Vonda ta san dalili, duk Pruitt an sani. Ranar wata Asabar Orval yana can wani gari yana kiɗa, matarsa Jewell ta yanke jiki ta faɗi a bakin tanda. Denise kaɗai ke gida. Kafin a same shi a waya ta cika. Bayan wata ɗaya ya loda gitar ya kai ta Nashville, birnin makaɗa, ya dawo babu ita, kuma daga shi har 'yar babu wanda ya sake ɗaga maganar.

"Ba tausayi nake so ba," in ji Orval. "Kunne nake so. Ki je ki sa abin nan da ɗanki ya sayo miki."

"Ni ba kurma ba ce. Mutane ne suka koma magana ciki-ciki."

"To ki zauna da girman kanki, ni kuma in tafi Lexington."

Na'urar ji tana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin takardun iri, a kwalinta tun Kirsimetin bara waccan. Vonda ta rantse a gaban ɗanta da matarsa cewa sai dai a sa mata ita a akwatin gawa. Ranar Laraba da hantsi ta fito da ita, ta tarar batir ya mutu. Ta je wurin Denise ta ce a ara mata faifan.

"Tafi da shi, Mis Vonda. Kada ma ki dawo da shi."

Tafiyar rabin awa ce zuwa kantin magani. Ta sayi batir ɗin nan ƙanana kamar maɓallin riga, ta koma cikin a-kori-kurarta a filin ajiye motoci, ta cusa abin a kunnuwa biyu tana zagin wanda ya ƙirƙira shi. Duniya ta faɗo mata a ka. Leda tana ƙara, makulli yana ƙara, ashe har numfashinta ƙara yake yi. Ta zura faifan, ta kai yatsa za ta tsallaka zuwa ta bakwai, sai ta tuna dokar Orval: faifai daga farko ake jin sa, wanda ya tsallake waƙa kamar wanda ya shiga gidan mutane ta taga ne.

Ta ji ta ɗaya, ba laifi. Ta biyu shirme ce kamar yadda ya faɗa, har ta ji daɗin hakan. Daga ta uku ta daina neman aibu. Da aka kai ta bakwai, yarinyar ta buɗe firjin uwarta, muryar ta karye daidai inda ya ce, gitar ta shigo a hankali kamar mai gudun tada mara lafiya. A ƙarƙashinta kuma, siriri, can ƙasa, wani abu ya ce ƙiiƙ.

Vonda ta dafe sitiyari. Ta san wannan kukan. Ta sha jin sa ta tagar kicin ɗinsu shekaru da yawa da suka wuce, tana shanya, tana tsine wa maƙwabcin da ba ya barin mutane su huta. Ta yi kuka sosai a filin kantin magani, wani mutum ya leƙo ya tambaya ko lafiya, ta ce ya kama gabansa.

Da yamma ta shiga falon ba ta ko cire takalmi ba. "Bayan ta ce ta karanta kwanan watan. Sau uku."

Orval ya buɗe ido. Ya ga abin a kunnenta, bakinsa ya motsa. "Huɗu. Akwai ɗaya a ƙarshe, in kiɗan yana mutuwa."

"Uku na ji."

"Kuɗin ɗanki ya tafi a banza."

Ta juya ga Denise da ke tsaye a ƙofar kicin. "Yana nan, Denise. Wallahi yana nan. Hankalin ubanki ya fi nawa."

"Ranar Litinin ma kin ce kin ji." Denise ta goge hannu da tawul. "Na san kina son sa, Mis Vonda. Gobe ƙarfe goma za su zo."

Vonda ta koma mota ta sake ji daga farko. Huɗu ne, tsohon banza.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara ta tada a-kori-kurarta, ta gicciya ta a bakin hanyar shiga gidan Orval, tsakanin shinge da kwalbati, yadda ko keke ba zai wuce ba. Ta zare makulli ta jefa a aljihun rigar girkinta, ta jingina da ƙofar motar da faifan a hannu. Goma saura kaɗan farar motar gidan jinya ta iso ta tsaya a titi. Maza biyu suka fito da gadon turawa, suka dubi motar, suka dubi tsohuwar.

"Mama, ko za ki ɗan matsar mana?"

"Akwai kofi a barandata, ga ta can. Ku je ku sha."

Denise ta fito da sauri, gashinta ko tajewa ba ta yi ba. "Mis Vonda, me ke nan?"

"Minti huɗu nake so. Ki ji waƙa ɗaya. In kin ji babu komai, ni da kaina zan riƙe musu ƙofa."

"Zan kira 'yan sanda."

"Kira. Wanda ke aiki yau ni na yi rainonsa, na san inda yake da tabo."

"Kin ɗauka mugunta nake yi?" in ji Denise. "Jiya ko runtsawa bai yi ba. Yana shaƙewa ina kallo, ba abin da zan iya. Na taɓa tsayawa ni kaɗai a gidan nan ina kallon mutum yana tafiya, shi yana can yana taka fedarsa. Ba zan sake ba. Kuma ba zan zauna in saurari wannan abin ba."

Vonda ta ji maganar har cikin ƙashinta, don gaskiya ce. Amma ba ta matsa ba. "Yau ba ke kaɗai ba ce. Kuma ba za a fitar da shi daga gidansa a kan ya yi ƙarya ba, alhali bai yi ba."

Ƙofar gaba ta buɗe. Shayla ce, ba ta ɗaga murya ba. "Denise, ki shigo. Numfashinsa ya canja. Ba na jin akwai maganar tafiya kuma."

Suka shiga. Orval ya ƙanƙance a cikin bargo, yana jan iska yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Idonsa a buɗe yake, ya bi faifan da ke hannun Vonda da kallo. Denise ta zauna a bakin gado ta kama hannunsa. Vonda ta warware wayar rediyon ta soka a bango, ba ta nemi izinin kowa ba, Denise kuma ba ta ɗago ba. Ta zura faifan ta fara danna maɓalli da sauri, ɗaya, biyu, uku, za ta kai bakwai.

Yatsan Orval ya ɗaga daga kan bargo. Ta sunkuya ta kai sabon kunnenta bakinsa.

"Daga farko," ya ce.

"Orval, babu lokaci."

"Daga farko, kurma."

Ta so ta ƙi. A rayuwarta ba ta taɓa yi masa biyayya ba, kuma yau ce ranar da ta fi dacewa ta ƙi. Ta mayar da shi waƙa ta ɗaya.

A ta biyu ya yatsina fuska, Vonda ta ce, "Na sani, shirme ce." A ta uku Denise ta jiƙa masa leɓe da auduga. A ta huɗu ƙafarsa ta dama ta motsa a ƙarƙashin bargo, sau ɗaya, kamar mai neman wani abu. Ta taga ana hango mazan nan biyu zaune a barandar Vonda da kofuna a hannu. Ta biyar ta wuce. Ana tsakiyar ta shida ya ja iska ya sake ta, suka jira ta gaba, ba ta zo ba.

Shayla ta sa yatsu a wuyansa, ta dubi agogo, ta kashe injin iskar. Denise ta kifa goshi a hannunsa ta daɗe. Sannan ta miƙe kamar mai tafiya cikin barci, ta nufi bango, ta kai hannu ga wayar.

Vonda ta riga ta tsayawa a wurin. "Bai ƙare ba."

"Mis Vonda, ya rasu."

"Na gani. Faifan ne bai ƙare ba."

Waƙa ta shida ta mutu. Aka yi ɗan shiru, har ana jin kujerar mai ganga. Yarinyar ta buɗe firjin uwarta. Denise tana tsaye, hannunta a miƙe, fuskarta a ɗaure. Yanzu da injin ya yi shiru, falon ya zama kamar an share shi. Muryar ta karanta kwanan watan ta karye, gitar ta shigo, abin ya ce ƙiiƙ.

Hannun Denise ya sauka.

Da ya sake yi, ta ja da baya har ta jingina da gadon, ta zame ta zauna a ƙasa, ta haɗa gwiwoyi da ƙirji, mace mai shekara hamsin da ɗaya.

"Ɓeran ne," ta ce.

"Saura biyu," in ji Vonda. "Na ƙarshen sai kin kasa kunne."

Suka jira shi tare. Ya zo can a ƙarshe, lokacin da kiɗan ke mutuwa, ƙarami ƙwarai. Denise ta ɗaga hannu ba ta waiwaya ba, ta lalubi ƙafar mahaifinta ta saman bargo ta riƙe. Waƙa ta takwas ta fara, ɗaya daga cikin shirmen, mai ganga da hayaniya. Makullin motar yana nan a aljihun Vonda, kuma babu wadda ta tashi ta kashe rediyon.